Rawar Asabar: Wace Ce Inno?

Shafi na 27

"Mummy, wace ce Inno?"

Zinatu tana tsaka da ɗaure wa Jamilatu igiyar hula tambayar ta faɗo mata. Bas ya cika maƙil da 'yan uni, ɗaliban jami'a, ana ta hayaniya, ruwa yana tsiyaya a jikin gilashi, Oxford Road ta cushe kamar yadda ta saba ranar Asabar da rana. Hannunta ya tsaya cak a ƙarƙashin haɓar 'yar tata.

"Me kika ce?"

"Inno. Is it me?"

"A ina kika ji wannan sunan?"

Jamilatu ta ɗaga kafaɗa, tana kaɗa ƙafafu. "A wajen dance. Last week, da kika shiga toilet."

"Wa ya faɗa?"

"Anti Rabi'a. Takalmina ne ya kwance, sai ta durƙusa ta ce, tsaya Inno in ɗaure miki. Sai kuma ta yi haka." Ta sa tafin hannu ta toshe bakinta, ta zaro ido, sannan ta ƙyalƙyale da dariya.

Zinatu ba ta yi dariya ba. Wani sanyi ne ya taso mata daga tafin ƙafa, ya zo ya tsaya a ƙirji.

Gida ɗaya ne a duk faɗin Ingila ake kiran yarinyar nan Inno, shi ne gidan su Maharazu, tsohon mijinta, a unguwar Sparkbrook ta Birmingham. Jamilatu sunan Hajiya ne, mahaifiyarsa. Tun ranar suna babu mahalukin da ya taɓa furta shi a gidan, daga 'ya'ya har surukai. Ita kanta Zinatu Inno take cewa, kai a sunkuye. Da auren ya mutu aka tara dangi a falo, aka yanke cewa za a kai wa Hajiya takwararta Kano ta riƙe, tunda uwar ba ta da kowa a Birmingham. Ba shawararta aka nema ba, sanar da ita aka yi. Har fasfo ɗin Najeriya Maharazu ya riga ya yi wa yarinyar, ya kulle a durowarsa.

Washegari ta goya 'yarta, ta ɗauki jaka ɗaya, ta hau motar Manchester. A cikin motar ne ta kai baki kunnen yarinyar, ta kira ta da sunanta na yanka karo na farko. Lokacin yarinyar ko magana ba ta gama iyawa ba. Yanzu shekararta shida, kuma tun daga ranar kalmar Inno ba ta sake shiga flat ɗinsu na Whalley Range ba.

"Mummy, kin matse min wuya."

"Yi haƙuri."

Ta sassauta igiyar, ta lalubo waya ta kira Rhoda, ƙawarta ma'aikaciyar jinya da ta ja ta zuwa ajin rawar tun farko.

"Sista Rhoda, kin isa?"

"Tun ɗazu, ina sa takalmi. Lafiya na ji muryarki haka?"

Zinatu ta juya wajen taga ta gaya mata ƙasa-ƙasa.

"Rabi'ar tana nan?"

"Ga ta can tana miƙa."

"Sauka zan yi. Gida zan koma in haɗa kaya."

"Ki je ina kuma? Glasgow? Haba Maman Jamila, ki natsu. Makarantar yarinyar fa? Aikin pharmacy ɗin da kika samu da kyar a wannan marra da ake ta sallamar mutane fa? Duk ki watsar a kan kalma ɗaya? A Kafanchan maƙwabciyarmu Bafulatana duk yarinyar da ta gani Inno take ce mata."

"Ta toshe baki, Rhoda."



"To ki zo ki tabbatar," Rhoda ta ce. "Rana tsaka ce, ɗaki cike da jama'a, me za ta iya yi? Ni yau ba zan yi rawar ba, zan zauna da Jamila a benci in riƙe hannunta. Ke kuma ki dubi tsabar idonta ki tambaye ta. In ƙarya ce, kin huta. In gaskiya ce, mu fito tare, kai tsaye wajen 'yan sanda."

Maganar ta shiga kunnen Zinatu, don ita mace ce mai son ta ga abu da idonta kafin ta yanke hukunci. Kuma can cikin ranta ba ta son ya zama gaskiya. Rabi'a ta shigo ajin ne 'yan makonnin baya, ta ce daga Zariya take, masters take yi, ba ta san kowa a garin ba. Yarinya mai fara'a, mai gaisuwa har ƙasa. Zinatu ta ji daɗin samun wadda za ta yi Hausa da ita ba a waya ba. Har yajin daddawa ta ƙulla mata. Yau ɗin nan ma miyar taushe ta sauke daga kan wuta ta bari ta huce, da niyyar in an tashi ta ce, Rabi'a zo mu je ki ga gida.

Allah ne ya sa ba ta riga ta ba ta adireshi ba.

Ta riƙo fuskar 'yarta da hannu biyu.

"Ki saurare ni. Yau kina jikin Anti Rhoda. Ba tashi, ba toilet, ba komai sai da ita."

"I know, Mummy. No strangers."

"Ko wa ya kira ki."

"I knooow."

Studio ɗin yana saman wani shagon kafet ne, a wani lungu da ke bayan titi. Ƙararrawar ƙofar ƙasa ta lalace tun sanyin bara, mai ginin ya ce babu halin gyara, matar da ke zama a tebur tana duba masu shigowa kuma an sallame ta. Don haka da bulo ake tokare ƙofar, kowa ya zo ya hau. Zinatu ta sha wuce bulon nan ba ta ko kalle shi ba. Yau sai da ta tsaya ta dube shi.

A sama kiɗa ya fara tashi, ƙaho da ganga irin na Turawan da. Takalma sun yi layi a ƙarƙashin bencin bakin ƙofa, don Catherine, malamar ajin, ba ta yarda a taka mata katako da takalmin titi. A kan bencin nan Jamilatu take zama duk Asabar da littafin zanenta, tun da aka rufe wajen renon yara na unguwa. Can ma Zinatu take zuwa motsa jiki na mata zalla, da GP, likitanta, ya ce mata in ba ta riƙa fita daga flat ba damuwa za ta kwantar da ita. Da aka rufe ne Rhoda ta kawo ta nan.

Ranar farko ta gaya wa Catherine gaskiya, ita fa ba za ta riƙe hannun namiji ba. Catherine ta yi dariya ta ce ai shi ke nan, a rawar swing akwai mai ja akwai mai bi, kuma kullum masu ja ne suke ƙaranci. Ki koyi ja, duk masu bin ajin Asabar mata ne. Haka aka yi. Zinatu da ɗan mayafinta ta zama mai ja, har ta fi wasu mazan iyawa. Wurinta ɗaya ne kullum, kusa da benci, inda in ta miƙa hannu za ta taɓa kan 'yarta. Masu bi ne suke zagayowa suna samunta.

"Anti Zinatu! Sannu da zuwa, ya ruwa?"

Rabi'a ce ta taho da murmushinta, ta ɗan rusuna. Ta juya ga Jamilatu.

"Ƙawata ta kaina! 'Yan mata, ya makaranta?"

Ƙawata. 'Yan mata. Zinatu ta shiga laluben duk Asabar ɗin da suka wuce a ranta. Baby. Gimbiya. 'Yar gidan Anti. Ta nema ta nema, ba ta tuna ko sau ɗaya da sunan ya fito daga bakin Rabi'a ba.

"Lafiya lau," Zinatu ta ce, tana kwance takalmi.

Rhoda ta zauna a benci, ta jawo Jamilatu jikinta. Catherine ta hango ta.

"Rhoda, tashi mana!"

"Ƙafata ce yau, Catherine. Na kwana a tsaye a ward."

Catherine ta taɓe baki. Ita a duniya babu abin da ta tsana kamar ta ga mutum yana zaune ana rawa, ko wani yana tsaye ba abokin rawa. An taɓa ganin ta jawo mai kawo saƙo da jakarsa a baya don a cike layi.

Aka yi da'ira. Zinatu ta tsaya a wurinta tana jiran Rabi'a ta zo kusa kamar yadda ta saba. Sai ta ga ta wuce, ta ratsa ɗakin gaba ɗaya, ta je can ƙurya wajen taga ta tsaya.

Catherine ta tafa hannu.

"Yau za mu canza. Wata a cikinku ta yi min ƙorafi cewa kullum masu bi ne suke shan yawo, kuma ta yi gaskiya. Masu bi ku tsaya inda kuke. Masu ja, ku ne za ku zagaya."

Aka yi shewa da tafi. Zinatu ta kalli Rhoda. Rhoda ta ɗaga mata hannun Jamilatu da ke cikin nata, ta gyaɗa kai: je ki, ina nan.

Kiɗa ya tashi.

Ta fara da wata dattijuwa mai jan baki raɗau, wadda ba ta taɓa fashin aji ba kuma ba ta taɓa taka daidai ba.

"Yau kin sandare kamar katako, love. Mijin ne?"

"Ba ni da miji."

"To kin huta. Nawa yana gida yana jiran shayi."

"Change partners!"

Ta matsa gaba. Benci ya koma bayanta. Ta ɗaga kai ga babban madubin da ya rufe bango guda, ta gan su a ciki, Rhoda tana nuna wani abu a littafin zane, Jamilatu tana dariya. Ta ja, ta saki, ta juya abokiyar rawarta, ƙafafunta suna yin abin da suka saba ba tare da ita ba.

"Change partners!"

Ta ƙara matsawa. A madubi ta ga wata budurwa ta shigo a makare, baƙuwar fuska, da ɗankwali ruwan toka, tana cire takalmi tana ba da haƙuri. Ba ta kula ta ba. Sababbi suna zuwa kusan kowane mako.

Kowane canji yana ƙara nisanta ta da ƙofa, yana kusanta ta da taga. Ta san haka. Amma ai wajen tagar take son zuwa. Da ƙafarta take tafiya, babu wanda ya tura ta.

"Change partners! Wannan karon kowa ya zauna da wanda ya samu har waƙar ta ƙare. Ina son in ga rawa, ba lissafi ba!"

Catherine ta ƙure sautin kiɗan.

Rabi'a ta miƙo hannu tana murmushi. Tafin hannun sanyi ƙalau, kuma jiƙe da gumi.

"Anti, yau sai ki yi haƙuri da ni, juyin nan har yanzu yana ba ni jiri."

Zinatu ta riƙe yatsunta, ta ɗora ɗaya hannun a bayanta. Suka taka baya, suka dawo.

"Rabi'a."

"Na'am Anti."

"Ya sunan 'yata?"

Murmushin ya ɗan girgiza, ya dawo.

"Kai Anti, wace irin tambaya ce wannan?"

"Tambaya ce mai sauƙi. Ya sunanta?"

"Ai ƙawata ce ta kaina."

"Ba laƙabi na tambaye ki ba. Sunan da liman ya raɗa mata. Kin ji ni ina kiranta da shi, kin ji Rhoda, kin ji Catherine da ko faɗarsa daidai ba ta iya ba. Faɗa min."

Ta tura ta waje, ta jawo ta. Rabi'a ta dawo a karkace, ta kusa taka ta.

"Anti, mutane suna kallonmu."

"Babu mai jin Hausa. Faɗa."

Rabi'a ta buɗe baki. Leɓenta ya motsa, ya sake motsawa. Babu abin da ya fito. A hankali idonta ya sauka ƙasa, haɓarta ta bi, kanta ya sunkuya ya ɗan karkata gefe.



"Na san wannan sunkuyar da kan," Zinatu ta ce. "Ni ma na yi ta. Shekara da shekaru na yi ta a falon nan mai jan kafet. Baƙuwa daga Zariya ba ta jin nauyin sunan uwar da ba ta sani ba. Suruka ce kaɗai take yi. Matar wa ce ke a gidan?"



"Rabi'a, kar ki bari in ɗaga murya."

"Falalu."

Ƙanin Maharazu. Yaron da Zinatu ta riƙa zuba wa abinci a kula yana kaiwa makaranta.

"Falalu ya yi aure."

"Bara aka kawo ni."

"Shi ya sa ban san fuskarki ba. Shi ya sa aka zaɓe ki. Masters ɗin fa?"

"Babu masters. Daga Birmingham nake zuwa duk Asabar."

Wasu masu rawa biyu suka gifta ta gefensu suna juyi suna dariya. Zinatu ta ci gaba da takawa.

"Ta yaya kuka same ni?"

"Bidiyon da ake ɗauka in an tashi, wanda Catherine take sawa a Facebook."

"Ƙarya ne. Ban taɓa shiga ba. Kullum gefe nake komawa."

"Kin kauce wa waya, Anti, ba ki kauce wa madubi ba. A can ƙarshensa kuka fito, ke da ita, kina sa mata riga. Wata 'yar ƙanwar Hajiya da ke uni a nan ce ta gani, ta tura wa Yaya Maharazu. Ya ce ko a cikin duhu ya ga goshin nan ya san na mahaifiyarsa ne."

Madubin. Madubin da ta riƙa gode wa Allah da shi, don yana nuna mata 'yarta ko ta juya baya.

"Me yake so?"

"Hajiya ba ta da lafiya, Anti. Wallahi ba ƙarya nake ba, jikin ya yi tsanani. Ba ta da magana sai ta Inno. Ganinta kawai take son yi."

"A ina Hajiyar take?"

"Tana gida."

"Wane gidan? Sparkbrook?"

"Kano."

"To ta yaya za ta gan ta?"

Zinatu ta jawo ta kusa.

"An sayi tikiti?"

"Anti, ni aiko ni aka yi."

"An saya?"

Kan ya gyaɗu, kaɗan.

"Na yaushe?"

Hawaye ya gangaro wa Rabi'a, ya bi gefen hanci.

"Wallahi na so in gaya miki. Ranar da kika ba ni yajin nan na je gida na kasa cin abinci. Tun da aka kawo ni ƙasar nan ban yi dariya ba sai a ɗakin nan. Amma Falalu ya ce in na ɓata wannan aikin, in haɗa kayana. Zamana a ƙasar nan a hannunsa yake, Anti. Ina da ciki. In koma gida in ce wa babana me?"

"Ki ce masa kin ƙi satar 'yar mutane."

"Sun ce ba sata ba ce. Sun ce 'yarsu ce."

"Na yaushe ne tikitin?"

"Yau."

Ƙahon ya yi wata doguwar ƙara, ajin ya ɗauki ihu da tafi.

A lokacin ne abubuwa suka fara haɗuwa a kan Zinatu, ɗaya bayan ɗaya, kamar ana jera mata su a faranti.

"Wa ya yi wa Catherine ƙorafin masu bi suna shan yawo?"

Rabi'a ta runtse ido.

"Me aka ce ki yi yau? Faɗa min abin da aka ce ki yi!"

"In tsaya nesa da ƙofa." Muryar da kyar take fita. "In kin iso wurina, in riƙe ki."

Zinatu ta ɗaga kai ga madubi.

Rhoda ba ta kan benci.

Tana can gaba kaɗan, a tsaye, baƙuwar nan mai ɗankwali ruwan toka ta riƙe hannayenta biyu, Catherine tana gefensu tana tafi tana gyara musu tsayuwa. Sabuwar zuwa ce, ba ta da abokin rawa, ta je har benci ta roƙa, malama ta sa baki. Wa zai ƙi? Rhoda tana ta ƙoƙarin waiwaye, yarinyar tana ta juya ta, tana mayar da bayanta ga ƙofa.

'Yar ƙanwar Hajiya da ke uni.

A gaban benci kuma akwai mutum a durƙushe. Doguwar kwat mai ruwan ƙasa, kafaɗunta jiƙe da ruwan sama. Bai cire takalmi ba. Zinatu ba ta ga fuskarsa ba, ba ta kuma buƙata. Ta san wannan ƙeyar. Ta san yadda yake karkatar da kai in yana lallashi. Maharazu ne.

Igiyar takalmin Jamilatu yake ɗaurewa.

Yarinyar ta janye ƙafa, ta waiga tana neman uwarta a cikin jama'a. Sai ya ɗago ya yi mata magana. Kiɗa bai bar Zinatu ta ji ba, amma ta ga fuskar 'yarta ta sauya. Ta ga ta dubi goshinsa, ta kai hannu ta taɓa nata. Duk wani gargaɗi a kan baƙo Zinatu ta yi mata shi. Ba ta taɓa gaya mata abin da za ta yi ba in wanda ya zo ya ce shi ne Daddy, kuma ya zo da amsar tambayar da Mummy ta ƙi amsawa a bas.

Jamilatu ta zamo daga kan benci.

"JAMILATU!"

Ganga ta haɗiye sunan. Wani Bature da ke kusa ya ɗauka shewa ce, ya ɗaga mata babban yatsa.

Ta fizgi hannunta. Bai fito ba. Kullum Catherine tana faɗa, a rawar nan ba a damƙe hannu, rataya yatsu ake yi, don kowa ya iya tafiya lokacin da ya so. Yatsun Rabi'a sun kulle a wuyan hannunta kamar ankwa.

"Sake ni!"

"Anti, ki tsaya ki ji..."

"Sake ni, ko wallahi in manta kina da ciki!"

A madubi ƙofar ta buɗe. Kwat ɗin ta fita. Ƙaramar hula mai igiya ta bi bayanta. Littafin zane ya rage a kan benci, a buɗe.

Tsakanin Zinatu da ƙofar akwai ɗaki guda na mutane masu juyi, hannaye a sarƙe, ƙafafu suna watsuwa ko'ina.

Sai Rabi'a ta sake ta. Ta matso har numfashinta yana dukan kunnen Zinatu.

"Kar ki bi ta gaba, ba za ki cim musu ba. Motar tana baya, wajen bola. Falalu ne a ciki. Ga ƙofar gobara nan a bayana, matakalarta a kan motar take sauka. Ki yi sauri, Anti, don Allah ki yi sauri!"

Zinatu ta dubi koriyar ƙofar da ke ƙurya. Ta dubi ta gaba, can nesa. Ta dubi idon yarinyar da ta yi mako da makonni tana yi mata ƙarya, idon da yanzu yake zubar da hawaye shaɓe-shaɓe.

Babu lokacin tunani.

Ta daki ƙarfen ƙofar da ƙirjinta. Jiniya ta ɗauka, kiɗa ya mutu, iska da ruwa suka mare ta a fuska. Takalmin rawa ba a yi shi don jiƙaƙƙen ƙarfe ba, santsi ya kwashe ta, ta riƙe ƙarfen matakala, ta leƙa ƙasa.

Manyan bola guda biyu. Tsohon kafet a naɗe, ruwa yana dukansa. Wata mage ta ruga.

Babu mota.

Daga ɗaya ɓangaren ginin, ta wajen ƙofar da ake tokarewa da bulo, ta jiyo muryar Rhoda tana tsaga unguwa:

"Ka sake ta! Na ce ka sake ta! Jama'a!"

Sai ƙarar rufe ƙofar mota.

Ke da kike karanta wannan da yaro a gefenki, ki ji ni da kyau. Duk ranar da ɗanki ya yi miki tambayar da ta sa kika ji sanyi a ƙafa, ki amsa masa a nan take, da bakinki, kafin wani ya amsa masa da nasa. Kuma kar ki je tabbatarwa da shi a hannu. Ki fara kai shi inda ƙofa take kulluwa, ki zare mukulli, sannan ki je ki nemi gaskiyarki.